Gidan Katakon Goggo Beryl

Longsight, Manchester
14 ga Oktoba, 2012

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin sauƙi. Ya ƙarfin jiki, ya hannun? Allah ya ƙara lafiya, ya sa kaffara ne. Ina gaida Yaya Falalu da Anti Maimuna da yara, da duk mutanen unguwarku Lozells da ke leƙo ka. Mu nan lafiya lau, maigidana Habu yana ta fama da karatunsa a jami'a, jikarka Hajo kuwa Turancinta ya fara fin ƙarfina.

Yaya Falalu ya gaya mini cewa duk ranar da muka yi waya sai ka kwanta, magana tana gajiyar da kai tun da ciwon nan ya same ka, amma karatu kana yinsa har a yi ta kiranka cin abinci. Shi ya sa na koma takarda. Idan amsa za ta wahalar da hannunka, ka faɗa wa Anti Maimuna ta rubuta.

Aiki yana nan yadda na gaya maka. Tun da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, sashenmu na kula da tsofaffin gine-gine a council, wato hukumar gari, yake ta zubewa. Wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa, wanda bai yi ba a lallaɓa shi ya yi. Yanzu ni kaɗai na rage, an ma karɓe ɗakinmu an ba ni tebur kusa da injin buga takardu.

Ranar Talata ogana ya aike ni bayan gari, can inda bas take juyawa, in duba wani gida. Wani kamfani ya sayi filayen da ke gefensa zai gina flat-flat, kuma a zanensu sun haɗa har da filin gidan, alhali mai shi ba ta sayar ba. Ogan ya ce in leƙa kawai in rubuta cewa babu wani abin tarihi a wurin, a wuce maganar.

Baba, gidan katako ne. Ɗaki biyu da falo da 'yar baranda, rufin kwano, jikinsa koren fenti, gindinsa baƙi da kwalta. An ɗora shi a kan gajerun ginshiƙan bulo kamar rumbu, ga shi a tsakiyar manyan gidajen jan bulo masu gareji. Na ɗauka ɗakin ajiyar kayan lambu ne, sai da na ga hayaƙi yana fita ta sama. Wata tsohuwa ta buɗe ƙofa da sanda a hannu, ta ce in daga kamfanin nake in koma, in kuwa daga council nake in goge takalmina.

Sunanta Beryl Entwistle, tana neman casa'in, kuma a ɗakin bayan gidan aka haife ta. Ta ce in riƙa kiranta da sunanta, na ce a wurinmu ba a yi wa babba haka, sai dai Goggo Beryl. Ta sa na maimaita mata, ta ce ta karɓa.

Ga labarin da ta ba ni muna shan shayi a gaban murhun ƙarfenta. Mahaifinta ya dawo daga yaƙin duniya na farko da huhu a lalace, ya shaƙi iskar guba. A unguwar Ardwick suke zaune cikin hayaƙin masana'antu, likita ya ce in bai bar hayaƙin nan ba, ba zai daɗe ba. A lokacin sojoji suna gwanjon ɗakunan katakon da suka kwana a ciki a bariki. Ya sayi ɗaya, aka kwance shi, aka ɗauko a keken doki, shi da matarsa suka harhaɗa shi a gefen gonar wani. Ba shi kaɗai ba ne. Ta ce layin nan gaba ɗaya irin waɗannan gidaje ne, na tsofaffin sojoji da ma'aikatan masaƙa waɗanda aka yi musu alkawarin gidaje ba a cika ba, suka gina da hannunsu. Duk an rushe su ɗaya bayan ɗaya. Nata ne ya rage. Ta buɗe mini kabad ta haska da tocila, na ga lambobin da sojoji suka buga a jikin katakon, inda fenti bai taɓa kaiwa ba.

Ban rubuta abin da ogana ya ce ba. Na rubuta cewa gidan ya cancanci a tsaya a bincika. Ya karanta ya dube ni. Na daɗe ban ji ina son aikina kamar wannan makon ba, kuma kai na fara tunawa, don kai ka fara riƙa mini fensir.

Ka sa mu a addu'a. Ka huta lafiya.

'Yarka,
Raki

Longsight, Manchester
10 ga Fabrairu, 2013

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ya jiki, ya sanyin Birmingham? Na ga takardarka, kuma da na ga rubutunka ne da kanka, duk da ya ɗan karkace, sai da na yi ƙwalla. Allah ya ƙara ƙarfin hannun. A gaida Yaya Falalu da iyalinsa.

Ka tambaye ni yadda katako ya kai shekara casa'in gara ba ta ci shi ba. Babu gara a ƙasar nan, Baba, ruwa ne abokin gabarsu. Shi ya sa mahaifin Goggo Beryl ya ɗaga gidan daga ƙasa don iska ta riƙa wucewa, ya kuma shafe gindin da kwalta. Na shiga ƙarƙashi da rarrafe na ƙwanƙwasa katakan, suna amsawa garau.

Tun wasiƙata ta farko nake haɗa takardar neman a saka gidan cikin gine-ginen da doka ta hana a rushe. Can London ake yanke wannan hukunci. Da a ce bara waccan ce, akwai kwamitinmu na gida da zai iya ba shi 'yar kariya kafin nan, amma an dakatar da kwamitin, ba mai kula da shi. Don haka ranakun Asabar nake zuwa laburare ina tono tsofaffin taswirori, in wuce wurin Goggo Beryl in auna, in zana, in ɗauki hoto. Ita kuma ta yi ta ba ni labari. Yadda mahaifiyarta take wanke kayan mutane a bayan gida. Yadda a yaƙi na biyu bam ya faɗo a gonar da ke kusa, gidajen bulo suka tsage, nasu ya girgiza kawai ya koma ya zauna. Ba ta taɓa aure ba, ita ta yi jinyar iyayenta duka a gidan. Wani lokaci nakan tafi da Hajo, su zauna a baranda suna jayayya a kan sunan kyanwar maƙwabta.

A gidan na haɗu da wata mata mai suna Kaneng, mutuniyar Jos, ita ce council ke turowa ta taimaka wa tsohuwar da wanka da magani. Ina cikin awon taga na ji tana waya da Hausa, na kusa sakin abin awon. Ta ce da safe da yamma take zuwa, amma an rage mata lokacin, yanzu kafin ruwan shayi ya tafasa ta fara duba agogo, ga wasu tsofaffin suna jiranta a wata unguwa. Tana cin abincinta a tsaye a tashar bas.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai kai. Mun sami saɓani da Habu a kan gidan nan. Ka san flat ɗinmu, bangon ɗakin kwana ya yi baƙi da danshi, mun goge ya dawo, mai gidan ba ya ɗaukar waya. Hajo ta kwana biyu tana tari, likita ya ba ta abin shaƙa, ya ce ɗakin ne. Ranar da muka dawo daga wurinsa ina shimfiɗa zanena a tebur, sai Habu ya ce shi dai ya kasa ganewa, 'yata tana shaƙar ruɓaɓɓen bango, ni kuma ina hana a gina wa iyalai da yawa busassun ɗakuna saboda bukkar tsohuwa ɗaya. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Na san dai a garin nan an adana gidajen masu masaƙa da majami'unsu da gumakansu, amma mutanen da suka yi aikin, ba a bar ko ƙofa ɗaya da za a nuna a ce nan suka kwana ba. Sai dai wannan magana ba ta tsayar da tarin yarinya.

Na tuna lokacin da baffanninmu suka ce a rushe gidan Kaka na Yakasai a yi na siminti, ka yi ta zuwa kana dawowa rai a ɓace. A lokacin ina yarinya, ina murna za a saka tayil. Me ka ce musu, Baba? Ban taɓa tambayarka ba.

Na aika takardun London ranar Juma'a. Sai jiran abin da Allah zai yi.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Raki

Longsight, Manchester
23 ga Yuni, 2013

Baba,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Anti Maimuna ta ce yanzu kana takawa har masallacin bakin titi da sanda, alhamdu lillahi. Ka yi haƙuri da shirun da na yi. Ban so in rubuto maka abin da ba daɗi ba ne, na yi ta jira ko wani abu zai gyaru.

Goggo Beryl ta faɗi. Tun watan Afrilu aka soke zuwan Kaneng na yamma, aka ce tsohuwar tana iya kula da kanta. Wata rana bayan azahar ta sunkuya za ta ɗebi gawayi, ƙafarta ta goce, ƙugunta ya karye. A ƙasa ta kwana, sai washegari da safe Kaneng ta same ta. Kaneng ce ta kira ni tana kuka, tana cewa da an bar ta ta zo da yamma. Na ce mata ba ita ta soke ba.

An yi mata aiki, ta tashi, amma asibiti sun ce ba za ta koma gidan ba, wai ba a iya shiga da keken guragu ta ƙofar, kuma babu mai kwana da ita. An kai ta gidan kula da tsofaffi a wata unguwa mai nisa. Ɗan ƙaninta, wani mutum da ke zaune a kudu, shi ne yake da ikon sa hannu a madadinta. Mun yi waya. Ba mugu ba ne, Baba, na so a ce mugu ne da na sami wanda zan ji haushi. Ya ce doka ta ce wanda ya mallaki gida shi zai ɗauki nauyin zamansa a irin wannan wuri, shi kuma ba shi da halin ɗauka, sai dai a sayar da gidan, kuma ban da kamfanin nan ba wanda ya taɓa taya gidan. Ya ce shi ma a barandar nan ya koyi tafiya.

Ana cikin haka amsar London ta zo. Sun ƙi. Sun yaba da aikina, suka ce labarin gidan yana da taɓa zuciya, amma ginin kansa ba wani fitaccen maƙeri ya zana shi ba, irinsa an yi da yawa a zamaninsa, kuma an canza tagar kicin da ta roba. Na karanta wurin da suka ce an yi irinsa da yawa har ban san sau nawa ba. Ai saboda an yi da yawa ne, kuma saura wannan kaɗai, na rubuta musu. Tagar kuwa council ce da kanta ta saka mata shekarun baya don maganin sanyi.

Na gwada kiran taron mutanen unguwar a laburare. Na manna takardu a shaguna, na bi gida-gida. Waɗanda suka zo ba su cika layin kujeru na gaba ba, kuma rabinsu sun ɗauka taron hana rufe laburaren ne, don shi ma an ce ƙarshen shekara za a rufe. Da suka gane, wani dattijo ya ce in yi haƙuri, amma shi yana da ƙarfin faɗa ɗaya ne kawai, kuma ya riga ya ba laburare. Maƙwabciyar gidan kuma ta ce ita dai ta gaji da kallon kwano mai tsatsa ta tagarta.

Na gode da amsar da ka ba ni a kan gidan Kaka. Ka ce ka faɗa musu duk abin da ka sani, suka saurare ka da ladabi, da ka tafi Zariya aiki suka kira leburori. Na yi ta kallon wannan layi. Na ɗauka za ka ce akwai wata magana da ka manta ba ka faɗa ba, wadda ni zan iya faɗa.

Hajo ta sami sauƙi tun da rana ta fito. Tana gaishe ka, ta ce in gaya maka haƙorinta ya fita.

'Yarka,
Raki

Longsight, Manchester
17 ga Nuwamba, 2013

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Ya jiki, ya muka ji da shigowar sanyi? Ka riƙa saka safar nan da na kawo maka da Sallah, kada ka ce ta yi kauri. Ina gaida mutanen gida baki ɗaya.

An sayar da gidan. Tun watan Agusta kamfanin ya toshe ƙofa da tagogi da alluna, ya kewaye filin da waya. Duk da haka ɓarayi sun shiga ta baya sun kwance murhun ƙarfen, sun ja shi a ƙasa har ya kwashe dokin ƙofa. Tuffa ta nuna a bishiyar bayan gida ta zube ta ruɓe, ba mai tsinta. Nakan sauka a bas in tsaya a bakin wayar kamar mai jiran wani.

Na rubuta wa gidajen tarihi irin waɗanda suke kwance tsohon gini su kai filinsu su sake kafawa. Gidan ai da ma a kwance ya zo, ana iya kwance shi a sake ɗauka. Ɗaya ba su amsa ba. Ɗaya suka ce sun sallami kafintocinsu. Wata mata a na ukun ta kira ni da kanta ta ce shekara goma da suka wuce da gudu za su zo, amma yanzu rufin nasu ɗakunan ma yana yoyo.

Makon jiya kwamitin kansiloli ya zauna a kan takardar kamfanin ta neman izinin rushe gidan. Kamfanin ya kawo rahoton wani injiniya da ya ce katakon ya ruɓe, gidan haɗari ne, gyaransa ba zai yiwu ba. Baba, na shiga ƙarƙashin gidan nan da gwiwoyina. Na nemi a ba ni izini in kawo wani ya sake dubawa, aka ce babu abin biyansa, kuma gidan yanzu ba namu ba ne balle mu shiga. Aka ba ni ɗan lokaci in yi magana. Na shirya abubuwa da yawa, amma da na tashi na ga fuskokinsu, mutane ne da suka wuni suna yanke abin da za a rufe, sai muryata ta yi ƙasa. Na nuna hoton lambobin sojoji na cikin kabad. Wani yana duba wayarsa. Suka ɗaga hannu suka amince wa kamfanin, aka wuce zuwa maganar wurin ajiye motoci.

Da aka tashi, shugabar kwamitin ta tsayar da ni a matakala. Tsohuwar malamar makaranta ce, na san ta da kirki. Ta ce ta karanta rahotona gaba ɗaya, kakanta ma a irin wannan gida ya zauna. Amma kamfanin ya yi alkawarin ba da wani abu da zai riƙe wurin renon yara na unguwar shekara guda, kuma ya ce wasu daga cikin ɗakunan za a ba masu ƙaramin ƙarfi. Ta ce, "Ke da kanki, wanne za ki zaɓa?" Ta dafa kafaɗata ta sauka.

Sauran labarin kuma nawa ne. An kira ni ofis ranar Litinin. Daga ƙarshen Maris babu kujerar mai kula da tsofaffin gine-gine a council ɗinmu, in ana buƙata za a ɗauko wani daga waje na kwana ɗaya. Ogana ya rantse ba don maganar gidan ba ne, kuma na yarda da shi, da ma layi ne ya zo kaina. Habu ya karɓi maganar da haƙuri fiye da yadda na zata, ya ce saura kaɗan ya gama, mu lallaɓa. Kada ka gaya wa Yaya Falalu tukuna, zan gaya masa da kaina.

Ina zuwa wurin Goggo Beryl duk ranar Lahadi. Ta rame, ta daina jayayya da kowa. An ajiye ta kusa da taga mai kallon wurin ajiye shara. Ta san an sayar, ta kuma san abin da injiniyan ya rubuta, ɗan ƙaninta ya karanta mata don ta sami sauƙin haƙura. Da ya gama sai ta nemi a kashe mata fitila.

Ka yi mini addu'a, Baba, zuciyata ba ta da daɗi.

'Yarka,
Raki

Longsight, Manchester
30 ga Maris, 2014

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya jiki? Allah ya ƙara maka sauƙi da nisan kwana. Na ga saƙonka ta hannun Anti Maimuna, na gode da addu'a.

Ranar Laraba aka rushe shi. Ba wanda ya sanar da ni, Kaneng ce ta hango katafila daga cikin bas ta kira ni. Na bar abin da nake yi na tafi. Kafin in isa an cire rufin. Na tsaya a bakin waya tare da wani mai yawo da kare. Ban taɓa sanin gidan ƙarami ne haka ba sai da na ga bakin katafilar a kansa. Ana ganin takardar bangon ɗakin baya mai furanni, da ƙusar da take rataye kalanda.

Bai faɗi da sauƙi ba. Direban ya tura bangon gaba, bangon ya lanƙwasa ya dawo. Sai da ya ja baya ya sake zuwa da ƙarfi. Da manyan katakan suka karye, cikinsu fari tas, kuma ƙamshi ya tashi har inda muke, irin na shagon kafinta in ana feƙe sabon katako. Na ji ɗaya daga cikin ma'aikatan yana ce wa ɗan'uwansa wannan katako ya fi wanda za su saka a sabon ginin. Na roƙi shugabansu ya ba ni guntu ɗaya mai lambar sojoji. Ya ce ba zai iya ba, tsohon fenti yana da guba, doka ta ce duk a zuba a mota a kai inda ake niƙewa. Ya ba ni haƙuri sosai. Kafin la'asar wurin ya zama fili, sai gajerun ginshiƙan bulon nan a jere.

Habu ya zo ɗaukata. Ya tsaya yana karanta babban allon da kamfanin ya kafa mai hoton sabon ginin. Maganar ɗakunan masu ƙaramin ƙarfi babu ita, na riga na ji a ofis cewa masu kamfanin sun koma sun ce ba za ta fisshe su ba, aka kuma yarda. Ya daɗe a gaban allon, sannan ya zo ya karɓi jakata. Muka kama hanyar gida. Ban ji daɗin cewa ni ce da gaskiya ba, don ban ma tabbata ni ce da ita ba.

Ranar Juma'a na tattara kayana a ofis. Zane-zanen gidan da hotuna na kai ɗakin ajiyar takardu na gari, matar da ke wurin ta karɓa ta ce za su shiga layi, amma ba ta san ranar da za a sami mai buɗe kwalin ba.

Yau na je wurin Goggo Beryl. A hanya ina ta shirya yadda zan ɓoye mata, ashe Kaneng ta riga ni, ta je jiya a ranar hutunta. Na same ta a zaune an rufa mata bargo a gwiwa. Ba ta amsa gaisuwata ba, ta ce in matso. Ta ce ta ji ina wurin, tana so in gaya mata abu ɗaya, kuma kada in yi mata irin maganar da ake yi wa tsofaffi. Ta ce, "A ruɓe yake?"

Na ce mata a'a. Na gaya mata yadda bangon ya dawo, da farin cikin katakon, da ƙamshin, da abin da ma'aikacin ya faɗa. Ta rufe ido tana saurare. Da na gama ta ce tun watan Nuwamba take kwana tana tunanin ko mahaifinta ya yi kuskure a wani wuri, ko ita ce ta bar ruwa ya shiga ba ta sani ba. Ta ce to shi ke nan. Sannan ta ce ba sai na ƙara wahalar da kaina da zuwa duk Lahadi ba, hanyar tana da nisa, ita kuma ba ta da sauran labarin da za ta ba ni. Na ce zan zo. Ta juya wajen taga.

Ban san abin da zan yi gobe da safe ba, Baba. Na nemi aiki a garuruwa da dama, ko'ina irin kujerata ake cirewa. Habu yana cewa in ya gama mu koma gida, ni kuma ina tunanin me zan je in tarar a can wanda ban gani a nan ba. Kada ka wahalar da hannunka wajen rubuto mini haƙuri, na san duk abin da za ka ce, kuma na san gaskiya ne.

Zan shigo motar safe ranar Asabar tare da Hajo. Ka ce wa Anti Maimuna kada ta yi wani girki saboda mu. So nake kawai in zauna kusa da kai, ko ba mu yi magana ba.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Raki